Jinin Northern Dancer ya yi wa dawakin tsere yawa

Idan manyan dawakin tsere suka jeru a filin Epsom na Ingila, ko Longchamp na Faransa, ko Meydan na Dubai, za ka ga masu su sun fito daga ƙasashe daban-daban, rigunan mahaya kowace da launinta, amma dawakin kansu kusan duk dangin juna ne. Ka ɗauki takardar asalin kowanne ka bi ta baya, da wuya ka wuce kaka na huɗu ko na biyar ba ka ci karo da sunan Northern Dancer ba, wani gajeren ingarma da aka haifa a Kanada a 1961. A 2020 masu bincike ƙarƙashin Farfesa Emmeline Hill ta wata jami'a a birnin Dublin suka duba jinin dawaki fiye da 10,000 na jinsin da ake kira Thoroughbred, wato jinsin da ake manyan tsere da shi a duniya. Sun tarar kashi 97 cikin 100 na dawakin da suka duba asalinsu yana komawa ga wannan doki ɗaya, kuma kusancin jini a tsakaninsu sai ƙaruwa yake yi tun shekarun 1970.

Masu harkar suna ambaton wannan adadi da alfahari. Ni kuwa tsoro yake ba ni, kuma ina ganin lokaci ya yi da hukumomin tsere za su ƙayyade yawan goɗiyoyin da ingarma ɗaya zai baye a shekara, ko da manyan gidajen kiwo sun yi kuka. Hujjata mafi ƙarfi tana cikin tarihin dokin da suke alfahari da shi.

An haife shi ran 27 ga Mayu 1961 a gonar Windfields da ke Oshawa, lardin Ontario, gonar wani attajiri mai suna E. P. Taylor. Ubansa Nearctic, uwarsa Natalma. Ya zo a makare, domin a can ana lissafa shekarun duk dokin tsere daga 1 ga Janairu, saboda haka dukushin ƙarshen Mayu yana bayan tsararsa da watanni. Ga shi kuma gajere, ko da ya girma tsayinsa bai fi mita ɗaya da santimita 55 ba a doron wuya. Da Taylor ya fito da dukusansa kasuwa ya sa masa farashin dala 25,000, masu saye suka dube shi suka wuce. Ba wanda ya taya. Haka ya koma barga, Taylor ya riƙe abinsa don ba yadda zai yi. Sannan ga zafin rai: har mai horar da shi, Horatio Luro, ya nemi a dandaƙe shi ko ya natsu, Taylor ya ƙi. Da an bi shawarar Luro, da yau babu Galileo, babu Frankel, babu rabin sunayen da ake rantsuwa da su a harkar.

A fili kuwa bai bar wa kowa abin faɗa ba. Ya fita tsere 18, ya ci 14, ya zo na biyu sau biyu, na uku sau biyu, bai taɓa faɗuwa ƙasa da haka ba. Yana ɗan shekara biyu kofatonsa ya tsage, aka yi masa faci ya ci gaba. A Mayun 1964 ya shiga gasar Kentucky Derby, wadda ta fi kowace suna a Amurka. Shahararren mahayi Bill Shoemaker ya taɓa hawansa, amma ya bar shi ya zaɓi wani dogon doki mai suna Hill Rise, sai Bill Hartack ya hau gajeren. Northern Dancer ya riga Hill Rise da tsawon wuya, ya gama mil ɗaya da kwata cikin minti biyu cif, lokacin da ba a taɓa yi ba a gasar, kuma ba a karya shi ba sai da Secretariat ya zo a 1973. Shi ne doki na farko haifaffen Kanada da ya ci wannan gasa. Ya ƙara da Preakness, ya zo na uku a Belmont, ya koma gida ya ci Queen's Plate. Daga nan jijiyar ƙafarsa ta gaba ta kumbura, aka sauke masa sirdi.

A 1965 aka fara kai masa goɗiyoyi a kan dala 10,000. Saboda gajartarsa sai da aka yi masa ɗan tudu a ɗakin baye don ya kai ga dogayen goɗiyoyi. Cikin 'ya'yansa na farko-farko aka sami Nijinsky, wanda Vincent O'Brien na ƙasar Ailan ya horar, Lester Piggott ya hau, ya cinye manyan gasa uku na Ingila a 1970. Har yau ba a sake samun dokin da ya haɗa ukun nan ba. Nan kasuwa ta farka. O'Brien da surukinsa John Magnier da Robert Sangster, waɗanda suka gina gidan kiwo na Coolmore, suka gane cewa idan ka sayi ɗan Northern Dancer yana dukushi, ya ci gasa ɗaya babba, to ka mallaki ingarman da za ka ci kuɗin bayensa shekara ashirin. Suka riƙa sauka a gwanjon Keeneland na jihar Kentucky da jakunkunan kuɗi. Ba a jima ba 'ya'yan gidan sarautar Maktoum na Dubai suka shigo suna tayawa da su, farashi ya haukace. A 1983 Sheikh Mohammed ya biya dala miliyan 10.2 a kan wani dukushi ɗan Northern Dancer da aka raɗa wa Snaafi Dancer. Dokin nan bai taɓa fita tsere ba saboda rashin gudu, da aka mai da shi baye kuma aka tarar da ƙyar yake haihuwa. A 1985 wani jikansa, Seattle Dancer, ya tashi a dala miliyan 13.1. Shi kansa tsohon, kuɗin bayensa ya kai dala miliyan ɗaya a kan goɗiya ɗaya, ba tare da alkawarin za ta ɗauki ciki ba. Ya daina baye a 1987, ya mutu ran 16 ga Nuwamba 1990 bayan ciwon ciki mai tsanani, aka ɗauko gawarsa daga Maryland inda ya yi yawancin aikinsa aka binne shi a Oshawa.

To, ga adadin da ya kamata a tsaya a kai. A cikin shekaru fiye da ashirin na baye, 'ya'yan Northern Dancer 645 ne kacal, kuma 147 daga cikinsu sun ci manyan gasa. Wato kusan ɗaya cikin huɗu, abin da ingarmun yau ba sa ko mafarkinsa. A zamaninsa goɗiyoyi kamar arba'in ake kai wa ingarma a shekara, kuma zaɓaɓɓu. Da wannan ɗan adadi ya cika duniya. Yau ingarman da yake tashe ana kai masa goɗiyoyi 200 ko fiye a kaka ɗaya, domin likitocin dabbobi suna da na'urar duba ciki da ke nuna ranar da goɗiya ta shirya, sau ɗaya a haɗa su an gama. Idan kakar arewacin duniya ta ƙare a sa shi a jirgi zuwa Ostireliya ko Kudancin Amurka ya sake wata kakar. Abin da kakansu ya haifa a rayuwarsa duka, wasu jikokin suna haifa cikin shekara uku ko huɗu. Idan goɗiya arba'in a shekara ta kai mu kashi 97, ina goɗiya 200 za ta kai mu?

Kuma su wane ne ingarmun? Ɗan Northern Dancer mai suna Sadler's Wells ya zama zakaran ingarmun Birtaniya da Ailan, wato wanda 'ya'yansa suka fi cin kuɗin gasa a shekara, sau 14. Ɗan Sadler's Wells, Galileo, wanda ya mutu a 2021, ya zama sau 12. Wani ɗan Northern Dancer, Danzig, ya haifi Danehill wanda ya mamaye Ostireliya da Turai lokaci guda. Wani ɗan kuma, Storm Bird, ya haifi Storm Cat wanda kuɗin bayensa ya kai dala 500,000 a Amurka. Akwai Lyphard, akwai Nureyev, akwai Northern Taste da aka kai Japan, duk 'ya'yan Northern Dancer ne. Mai goɗiya 'yar Galileo idan ya fita neman ingarman da zai haɗa ta da shi, duk ƙofar da ya buga ɗan'uwanta ne yake buɗewa.

Dama jinsin a ƙuntace ya taso. Duk dokin Thoroughbred na yau, ta wajen uba, yana komawa ga ingarmu uku da aka kai Ingila daga ƙasashen gabas wajen shekara 300 da suka wuce: Byerley Turk, Godolphin Arabian, da Darley Arabian wanda aka sayo a Halab ta Siriya a 1704. Wannan na ƙarshen shi kaɗai ya riƙe wajen kashi 95 cikin 100 na layin iyaye maza. An fara kundin asalin jinsin a 1791, kuma a rufe yake, ba a shigar da baƙon jini. Saboda haka duk layin da ya mutu ya mutu ke nan, ba inda za a je a samo madadinsa.

Masu adawa da ƙayyadewa suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Na farko su nuna maka Frankel. Ubansa Galileo, uwarsa Kind 'yar Danehill, wato Northern Dancer ta dama da ta hagu. Ya fita tsere 14 ya ci 14, kuma da yawa suna ganin ba a taɓa yin doki kamarsa ba. Su ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haɗa jini mai kyau da jini mai kyau shi ne kiwo tun asali. Gaskiya ne. Amma Frankel ɗaya ake nunawa a talabijin. Ba a nuna dubban da aka haifa da irin wannan haɗi waɗanda ba su taɓa kaiwa bakin layin tashi ba. Wani binciken da Hill da abokan aikinta suka fitar a 2022 ya nuna cewa yayin da kusancin jini ya ƙaru a jikin doki, yiwuwar ya taɓa fita tsere ko sau ɗaya tana raguwa. Waɗannan su ne kuɗin da ake biya, kuma masu ƙananan goɗiyoyi da dawakin kansu ne suke biya, ba masu ingarma ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Idan aka ambaci karyewar dawaki a fili, kamar Eight Belles da ta zo ta biyu a Kentucky Derby ta 2008 sannan ƙafafunta na gaba biyu suka karye aka kashe ta a wurin, ko mace-macen filin Santa Anita a 2019, ko dawaki 12 da suka mutu a Churchill Downs a 2023, sai su ce ba jini ba ne. Magungunan ɓoye ciwo ne, da yanayin ƙasar fili, da kwaɗayin masu horarwa. Su ƙara da cewa ƙididdigar Amurka ta nuna mutuwar dawaki a tsere ta ragu daga biyu cikin kowace fita 1,000 a 2009 zuwa ƙasa da ɗaya da rabi a 'yan shekarun nan, bayan an tsaurara binciken likitoci. Na yarda da wannan, kuma duk wanda ya ce jinin Northern Dancer ne ke karya ƙafar dawaki ya faɗi abin da ba zai iya tabbatarwa ba. Sai dai ba sai an jira karaya ba kafin a yi hankali. A 1960 dokin tsere a Amurka yana fita sau 11 a shekara a matsakaici. Yanzu wajen sau shida ne. Salon horarwa ya canja, haka ne, amma ya canja ne a kan dawakin da masu su ba su yarda za su jure ba. Kuma duk da biliyoyin da aka zuba, lokacin da Secretariat ya kafa a 1973 yana nan ba a taɓa shi ba. Shekara hamsin ana tace jini, gudu bai ƙaru a gasar da ta fi kowace ba.

Wanda yake shakkar abin da ingarma ɗaya zai iya yi wa jinsi, ya dubi maƙwabta. A cikin dawakin Quarter Horse na Amurka an yi wani ingarma mai suna Impressive, haifaffen 1969, mai cikar tsoka, zakaran gasar nuna kyau. Kowa ya kai masa goɗiya. Sai daga baya aka gane yana ɗauke da wata cutar gado mai sa tsokar doki karkarwa, wani lokaci ta kayar da shi har lahira. Lokacin da aka fito fili aka alaƙanta cutar da shi a farkon shekarun 1990, zuriyarsa ta kai dubun dubata. Manomin da ya ga irin gero ɗaya ya yi albarka ya zubar da sauran irin da ke rumbu, ranar da cutar da ke kama wannan irin ta zo ba shi da abin shukawa.

An taɓa gwada gyara, kuma yadda aka kashe gyaran shi ne ya fi ba ni haushi. A Mayun 2020 ƙungiyar Jockey Club ta Amurka, mai riƙe da kundin asali, ta kafa doka cewa duk ingarman da aka haifa daga 2020 zuwa gaba ba zai wuce goɗiya 140 a shekara ba. Adadin ma da sassauci, ya ninka na Northern Dancer fiye da sau uku, kuma masu dawakin jan keken tsere a Amurka sun riga sun daɗe da irin wannan ƙa'ida ba su talauce ba. Manyan gidajen kiwo uku, Spendthrift da Three Chimneys da Ashford na Coolmore, suka kai ƙara kotu. Majalisar jihar Kentucky ta fara shirin dokar da za ta hana aiki da ƙa'idar. A Fabrairun 2022 Jockey Club ta janye, tun kafin ko ingarma ɗaya ya shiga ƙarƙashinta. Hujjar gidajen kiwon ita ce 'yancin kasuwa: mai goɗiya ya kai ta inda ya so. Amma wannan kasuwa dama cike take da ƙa'idoji da suka amince da su. Har yau ba a yi wa dukushi rajista sai an haɗa ingarma da goɗiya jiki da jiki, an hana ɗurar maniyyi ta hannun likita, kuma ɗaya daga dalilan da ake bayarwa shi ne kada ingarma ɗaya ya mamaye jinsin. Dokar da ke kare farashinsu sun riƙe ta, wadda za ta rage musu riba kuma ta zama zalunci.

Akwai abu na biyu da ƙayyade goɗiyoyi kaɗai ba zai gyara ba, shi ne saurin sauke sirdi. Tunda kuɗin baye ya fi kuɗin tsere nesa ba kusa ba, doki yana yin suna sai a ɓoye shi kada ya sha kaye farashi ya faɗi. Justify ya cinye manyan gasa uku na Amurka a 2018, fitarsa shida duka-duka, ya tafi baye. Flightline ma shida, aka sauke shi a 2022. Danzig kansa sau uku ya fita kafin gwiwa ta hana shi, kuma ya zama babban ingarma, wannan ne ya koya wa kasuwa cewa gudu na minti ɗaya ya isa shaida. Amma fita shida ba ta gaya maka ko ƙashin doki da jijiyarsa za su jure shekara uku na aiki, kuma wannan halin ma ana gadonsa kamar yadda ake gadon gudu. A nan dole a yaba wa marigayi Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya, wanda ya bar Frankel a hannun Henry Cecil har ya yi tsere yana ɗan shekara huɗu a 2012, alhali da ya so da ya sauke masa sirdi tun ƙarshen 2011 ya fara karɓar kuɗin baye. Jamus kuwa tana da tsari mai tsauri na tantance ingarmu, ana duba lafiyarsu da abin da suka yi a fili, kuma ƙasar da ba ta haifar dukusai da yawa ta sha fitar da dawakin da suka ci gasar Arc ta Faransa, kamar Danedream a 2011 da Torquator Tasso a 2021.

Abin dariya a nan shi ne kasuwar da ake cewa a bar mata zaɓi ita ce ta sha nuna ba ta iya zaɓe ba. Ta ƙi Northern Dancer a dala 25,000 ta sayi Snaafi Dancer a miliyan goma. Ta sake yin haka da Sunday Silence, wanda ya ci Kentucky Derby da Preakness a 1989 amma masu kiwon Amurka suka raina asalinsa da tsayuwar ƙafafunsa, suka ƙi kai masa goɗiyoyi. Zenya Yoshida na gidan Shadai ya saye shi ya kai Japan, inda ya tarar da 'ya'yan Northern Taste mata suna jiran jinin da ba nasu ba. Ya zama zakaran ingarmun Japan shekara 13 a jere, kuma zuriyarsa ta ci manyan gasa a Dubai da Hong Kong da Riyad. Daga baya Coolmore da kanta ta riƙa ɗaukar 'ya'yan Galileo mata a jirgi zuwa Japan wajen Deep Impact, ɗan Sunday Silence, aka sami Saxon Warrior da Auguste Rodin wanda ya ci Derby ta Epsom a 2023. Sun je neman baƙon jini a ƙarshen duniya, amma ko shi Deep Impact uwarsa jikanyar Lyphard ce, ɗan Northern Dancer.

Mu da muke da sukuwa a Kano da Katsina da Bida da Maradi, matsalarmu ta wata fuskar ce, amma ba ta rasa alaƙa da wannan ba. Ido ya koma kan dawakin Sudan da na waje saboda tsawo da gudu, 'yan folo kuma na Ajantina suke nema. Dokin Arewa, wanda ya san zafin Afrilu, yake rayuwa a kan harawa da dusa da kanwa, yake ɗaukar lifidi da mahayi a hawan sallah tun hantsi, ana ta surka shi ba tare da rubutu ba. Mun san launi, mun san kili da bikili da akawal da danda, amma ka tambayi mai ingarma a kasuwar Maigatari sunan kakar dokinsa ta wajen uwa ka ji. Turawa rubutun da suke da shi ne ya ba su damar ƙirga kashi 97 ɗin nan su san inda suke. Idan masarautu da ƙungiyoyin sukuwa za su kwaikwayi wani abu daga gare su, to kundin asali ne, da ware gasa mai tsoka ga dawakin gida don kiwonsu ya riƙa biyan mai yi.

A can kuwa, tunda Amurka ita kaɗai ta gwada aka kayar da ita, gyaran ba zai yiwu ba sai masu kundin asali na Birtaniya da Ailan da Faransa da Ostireliya da Japan sun sa hannu tare da ita a kan adadi ɗaya, kuma a haɗa lissafin kakar arewa da ta kudu, in ba haka ba mai ingarma zai sa shi a jirgi kawai ya cike gurbin a wata ƙasa. Sannan a ƙara kuɗin gasar dawaki 'yan shekara huɗu da biyar har barin doki a fili ya zama lissafin riba. Waɗanda za su iya tilasta wannan ba su da yawa: gidajen Dubai da Saudiyya da Katar da iyalin Yoshida, masu kiwo don su yi tsere da abin da suka haifa, su ne suke sayen dukusai mafi tsada a Keeneland da Newmarket. Ranar da suka daina taya 'ya'yan ingarman da aka kai wa goɗiya 250, masu ingarmu za su rage da kansu, ba sai an je kotun Kentucky ba.